Yadda Ake Ƙara Wufa ta Biyu a Falon Kallo

Kafin ka ciro ko sisi daga aljihu, yi wannan gwaji. Sa waƙar da jitar bes ke hawa da sauka a cikinta, ka zauna a kujerar da ka saba kallo. Bayan minti ɗaya ka koma kujerar da ke jingine da bangon baya, daga nan kuma ka tsaya a tsakiyar falon. A yawancin ɗakuna bes iri uku za ka ji. A jikin bango yana dukan ƙirji har ya gundure ka, a tsakiya kamar an zare wayar wufar, a kujerarka kuwa wasu muryoyin jitar su fito da kumburi, wasu su ɓace. Wannan bambanci tsakanin kujera da kujera shi ne ciwon da wufa ta biyu take magani.

Masu shago sukan ce za ta ninka maka ƙara. Ƙarin yana nan, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Idan ka haɗa wufa biyu iri ɗaya wuri guda, kafaɗa da kafaɗa, za ka sami ƙarin desibel 6. Idan ka raba su, abin da ake samu a kan matsakaici bai cika wuce desibel 3 zuwa 4 ba. Kunnen ɗan Adam kuwa sai ƙari ya kai wajen desibel 10 yake yarda cewa ƙara ta ninka. Wanda ƙara kawai yake nema, gara ya sayar da wadda yake da ita ya sayi babba guda ɗaya. Amfanin ta biyu yana ga rabon bes daidai a ɗaki, kuma wannan ba ya samuwa sai an san inda za a ajiye ta.

Abin da ɗaki yake yi wa bes

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Bes mai kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, wato 40 Hz, tsawon zangonsa ya haura mita 8 da rabi, na 80 Hz kuma mita 4 da 'yan kai. Ke nan zangon bes ya kai tsawon ɗakin da kake ciki, ko ma ya fi shi. In ya bugi bango ya dawo sai ya ci karo da wanda ke tafe: a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani wurin su kashe juna, kuma waɗannan wurare ba sa gusawa. Ɗauki baho mai ruwa ka riƙa karkata shi gaba da baya. Ruwan gefe biyu yana hawa da sauka sosai, in wannan gefe ya hau wancan ya sauka, na tsakiya kuwa da ƙyar yake motsi. Haka iskar ɗaki take yi idan wufa ta buga muryar da ta dace da tsawonsa.

Kana iya lissafa wannan murya da kanka. Auna tsawon falon, ninka shi biyu, ka raba 343 da abin da ya fito. Falo mai tsawon mita 5 yana amsawa a wajen 34 Hz, sai kuma ninkinsa, wajen 69. Idan faɗinsa mita 4 ne, akwai wata a 43 Hz da 86. Tsayin mita 3 daga daɓe zuwa silin yana ba da 57. Duk waɗannan sun faɗo cikin yankin da wufa ke aiki, shi ya sa bes ɗin fim yakan zama murya ɗaya tak mai gunji, ko jirgi ne ya wuce ko ƙofa aka buga.

Ginin bulo da siminti da daɓen tayil yana tsananta abin. Bangon allo mara kauri, irin wanda ake raba ɗakuna da shi a gidajen Amurka, yana ɗan lanƙwasawa ya shanye wani ɓangare na bes, wani kuma ya ratsa ya fice. Bulo kuwa kusan duka yake maido da shi. Labule mai kauri da kafet suna rage amsa-kuwwar muryoyi na sama, amma zangon mita 8 bai ma san da zamansu ba.

Kada ka sa rai na'urar daidaita sauti ta cikin risiba, wato akwatin da ke rarraba wa lasifikoki sauti, za ta cike maka ramin da ke tsakiyar ɗaki. Inda sauti ke kashe kansa, in ka ƙara masa ƙarfi, mai tafiya da mai dawowa duk sun ƙaru tare, su sake kashe juna. Ƙarin desibel 6 yana cin wutar amfilifaya ninki huɗu, ramin kuma yana nan. Abin da ke cike shi sai wata wufar da ke bugowa daga wani wuri dabam.

Duba bayan kayanka tukuna

Ba kowane saiti ne ke karɓar ta biyu ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a kwali ɗaya, amfilifayar dukkan lasifikokin tana cikin akwatin wufar, babu wata kafa da za ka ɗauko siginar bes. Wasu kuma wufarsu ba ta da wutar kanta, da wayar lasifika ake jona ta a jikin na'urar faifai. A nan ne masu gyara na gefen titi suke murɗa waya biyu su cusa rami ɗaya. Kada ka yarda. Lasifika biyu masu om 4 idan aka jona su haka sun koma om 2, ƙaramar amfilifayar za ta ɗau zafi, ko ta riƙa kashe kanta ko ta ƙone. Dogayen lasifikokin da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin su ma galibi wufa ɗaya suka sani, sai 'yan kaɗan, kamar Arc na kamfanin Sonos da aka buɗe wa damar ɗaukar biyu a ƙarshen 2020.

Wannan jagora ta mai risiba ce, wadda ke da kafar RCA da aka rubuta wa SUB OUT ko PRE OUT, da kuma wufa mai amfilifayar kanta wadda ake jonawa a soket. Idan kafa ɗaya ce, sayi 'yar wayar nan mai kai ɗaya da reshe biyu. Ba ta rage ƙarfin sigina yadda za ka ji, domin abin da wufa ke ja daga wannan kafa ƙalilan ne. Idan kafa biyu ce, buɗe littafin risibar ka karanta, saboda lambar 7.2 da ke jikin kwali ba ta nufin kowace tana da nata saitin. A risiba masu sauƙin kuɗi kafofin biyu a haɗe suke ta ciki, sigina ɗaya ke fita. Hanyar ganewa mai sauƙi: shiga wurin da ake rubuta nisan kowace lasifika. In ka ga layi biyu na wufa, kowace da nisanta da ƙararta, to a rabe suke. Risibar Denon da Marantz masu tsarin Audyssey MultEQ XT32 suna da wannan, har ma AVR-X3800H da Denon ta fitar a 2022 kafa huɗu gare ta, kowace mai zaman kanta.

Wace za ka saya? Irin wadda kake da ita, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. In ba a samu ba, nemi mai girman faifai ɗaya da ƙarfi kusa da juna, kuma gini iri ɗaya. Akwai rufaffen akwati, akwai mai ramin iska. Mai rami tana jirkita lokacin sauti a kusa da muryar da aka gina ramin a kanta, don haka idan aka haɗa ta da rufaffiya suna iya yin faɗa a can ƙasa, inda ka fi son su haɗa kai. Haɗa mai inci 12 da mai inci 8 kuma yana nufin ƙaramar za ta fara kuka tun babbar ba ta yi gumi ba, dole ka tsaya a iyakar ƙaramar.

In kayan gwanjo ne, duba farantin da ke bayanta kafin ka jona. Wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, yawancin na Amurka kuwa don 120 aka yi su. Wasu suna da maɓallin sauyawa, wasu sai da taransifoma.

Inda za ka ajiye ta

Nan ne aikin yake. Todd Welti, injiniya a kamfanin Harman International na Amurka, ya gabatar da bincike a taron ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES a 2002, inda ya gwada adadi da wurare daban-daban na wufa a ɗaki mai kusurwa huɗu da kujeru da yawa. Abin da ya gano: huɗu, kowace a tsakiyar bango ɗaya, su ne suka fi daidaita bes tsakanin kujeru, biyu kuma a tsakiyar bangwaye masu fuskantar juna sun yi kusa da kamo su. Wuce huɗu bai ƙara wani abin kirki ba.

Dalilin yana cikin lissafin da muka yi. A falon nan mai mita 5 da 4, sa ɗaya a tsakiyar bangon gaba, ƙarƙashin talabijin, ɗaya a tsakiyar bangon baya. Muryar 34 Hz tana buƙatar matsin iska ya hau a gaba daidai lokacin da ya sauka a baya. Wufofin nan biyu kuwa tare suke turawa, tare suke ja, don haka abin da ta gaba ta tayar, ta baya ta kwantar da shi. Muryar 43 Hz ta faɗin ɗaki kuma ba ta ma tashi sosai, domin dukansu suna zaune a tsakiyar faɗin, daidai inda wannan murya ba ta da abin kamawa. Manyan masu laifi biyu sun tafi ke nan ba tare da ka taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Ta 69 Hz tana nan, har ma ta ɗan ƙara ƙarfi, amma tudu ne, tudu kuwa na'ura tana iya aske shi.

Matsalar ita ce falonmu ba a tsara shi don wannan ba. Kujerun kushin jere suke da bango, mai zaman mutum uku ta cinye tsakiyar bangon baya, kuma uwargida ba lallai ta amince a ja wa akwati baƙi waya ta tsakar ɗaki ba. To akwai mafita. Tsakiyar bangon dama da na hagu suna yin aiki iri ɗaya. Kusurwa biyu masu kallon juna a karkace, misali gaba ta hagu da baya ta dama, su ma suna kwantar da muryoyin farko na tsawo da faɗi, kuma sun fi ba da ƙara, sai dai bes ɗinsu ya fi kauri, yana buƙatar aski. Idan dole dukansu su zauna a gaba, auna faɗin bangon ka raba huɗu, ka sa ɗaya a kashi na farko, ɗaya a na uku. A bango mai mita 4, kowace ta bar mita 1 tsakaninta da bangon gefe, ana aunawa daga tsakiyar faifan. Wannan yana daidaita na zaune a hagu da na dama, amma bai taɓa bambancin gaba da baya ba. Ga falon da kowa ke zaune a layi ɗaya, ya isa.

Akwai sharaɗi ga wadda za a kai baya. Ƙasa da wajen 80 Hz kunne ba ya iya nuna inda sauti ya fito, shi ya sa kamfanin THX ya tsayar da wannan lamba a matsayin iyaka tsakanin wufa da sauran lasifikoki. In lasifikokinka ƙanana ne sosai, waɗanda sai an ɗaga iyakar zuwa 120 ko 150, za ka riƙa jin kaurin muryar jarumin fim yana fitowa ta bayan ƙeyarka. A irin wannan hali bar su duka a gaba.

Duk wannan lissafi na ɗaki ne mai kusurwa huɗu da ƙofa a rufe. Falo mai lanƙwasa, ko wanda ya buɗe zuwa wurin cin abinci ko matattakala, ba ya bin doka. Earl Geddes, wani masanin sauti Ba'amurke, shawararsa ma ita ce a warwatsa su da gangan, ɗaya a kusurwa, sauran a wuraren da ba su yi daidai da juna ba. A aikace ga yadda za ka yi: bar ta farko inda take tana aiki, ka zaɓi wurare uku ko huɗu da iyali za su iya haƙuri da su, ka riƙa kai ta biyu kowanne, kana maimaita zagayen kujerun nan da waƙa ɗaya. Wurin da bambancin kujeru ya fi raguwa shi ne naka, ko da ba shi ne ya fi ƙara ba. Kuma in da hali, janyo kujerar baya ta bar bango ko da rabin mita ne.

Waya kuwa ba sai mai tsada ba. Wayar dish mai kauri, RG6, da kan RCA a kowane ƙarshe, tana kai siginar wufa mita goma lafiya lau, kuma rigarta tana kare ta daga hayaniya. Kada dai ta yi doguwar tafiya manne da wayar wuta.

Daidaita su

Fara da bayan kowace wufa. Jona a kafar da aka rubuta wa LFE in akwai. Maɓallin Crossover ka murɗa shi zuwa ƙarshe, domin risiba ce za ta yi wannan yankan, ba a so a yanka sau biyu. Maɓallin Phase ka bar shi a 0.

Sai ƙarfinsu. Kada ka dogara da inda kibiyar maɓalli ta nuna, ko da iri ɗaya ne. Kawo ta farko tsakiyar ɗaki, ka manna alama a ƙasa, ka ajiye ma'aunin ƙara kamar taƙi ɗaya daga faifan, ka kunna sautin gwaji na risiba ka rubuta lambar. Janye ta, ka sa ta biyu a kan alamar, ka murɗa maɓallinta har ta ba da lamba ɗaya. Manhajar waya ta isa wannan, tun da kwatanta biyu kake yi, duk da cewa makirufon waya ba ya jin bes na can ƙasa da kyau. Amfanin wannan hanya shi ne kowace za ta ɗauki rabin kaya. Idan a kujera ka auna, ta nesa za ka yi ta ƙara mata, ta riga ta kusa gajiya, kuma kwantar da muryar ɗaki da muka yi bayani yana son su yi ƙarfi ɗaya. Da ka gama, manna ɗan salatif a kan kowane maɓalli, saboda hannun yara da mai shara.

Mayar da su wurarensu, ka zauna a kujerarka. Kunna ɗaya ka auna, sannan ka kunna duka biyu. Ya kamata lamba ta hau. In ta tsaya ko ta sauka, faɗa suke yi: juya Phase na guda ɗaya zuwa 180 ka sake aunawa, ka kuma saurara a sauran kujeru kafin ka yanke hukunci. Inda risiba ta ba kowace nisanta, gyara da nisa ya fi, domin kowane santimita 34 daidai yake da jinkirin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kana iya matsawa sannu-sannu. Sai dai ka lura: in ka yi shirin tsakiyar bango da tsakiyar bango, fara gwada su da nisa ɗaya. Jinkirta guda don ta dace da kujera ɗaya yana iya ɓata abin da ya sa ka raba su.

Yanzu ka kira na'urar risiba ta yi nata, ko Audyssey ce, ko YPAO ta Yamaha, ko MCACC ta Pioneer, ko Dirac Live. Kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ka zaɓi lokacin da janaretan maƙwabci ya yi shiru, makirufo ya tsaya daidai tsayin kunnen mai zaune, ba a hannu ba. Sautin gwajin yana neman desibel 75 a wurin zama. Bayan ta gama kada ka karɓa ido rufe. Risiba tana son rubuta wa lasifikokin gaba Large, wanda ke hana wufofin bes ɗinsu. Mayar da su Small, iyaka 80 Hz. Iyakar tashar LFE ita kuma a bar ta a 120. Idan ta sa ƙarar wufa a ƙarshen ma'auni, kamar -12 a Denon, alama ce maɓallan baya sun yi sama: rage su daidai wa daida ka maimaita. Nisan da ta rubuta wa wufa kuma yakan fi abin da tef ya nuna. Ba kuskure ba ne, jinkirin kayan lantarkin cikinta ta lissafa, musamman in da na'urar aikawa mara waya ka jona ta baya. Bar shi haka.

Saura mahaɗa, wato wajen 80 Hz inda wufa ke miƙa wa lasifikokin gaba aiki. Sa sautin 80 Hz, ka riƙa ƙara nisan wufofin a risiba da santimita 30, ka kuma gwada ragewa, kana kallon ma'auni. Inda lamba ta fi hawa nan suka fi haɗa baki.

Mai son ganin abin da ido yana iya sauke manhajar REW, kyauta ce, ya haɗa da makirufon awo irin UMIK-1 na kamfanin miniDSP. Auna kujeru uku, daga 15 zuwa 200 Hz, da wufa ɗaya sannan da biyu, ka ɗora zanen kan juna. Kada ka nemi miƙaƙƙen layi. Abin nema shi ne layukan kujerun su matso kusa da juna, domin tudun da duk kujeru suka yi tarayya a kai, aski ɗaya ya gyara wa kowa. Wanda risibarsa sigina ɗaya take fitarwa yana iya sa ƙaramin akwatin miniDSP 2x4 HD a tsakani, ya ba kowace wufa jinkirinta da askinta.

Gunji da karkarwa

Da yawa sukan jona ta biyu sai su ji wani gunji mara yankewa, ko ba a kunna komai ba. Muryar wutar gida ce, 50 Hz, kuma takan shigo ne saboda ta bayan tana shan wuta a soket dabam da na risiba. Gwada jan wuta daga soket ɗaya da sauran kayan. In bai tafi ba, zare wayar dish daga dikoda ka saurara, don sau da yawa ta nan yake shigowa. Akwai 'yar na'urar raba ƙasa da ake sawa a kan wayar dish ɗin ko ta RCA. Abin da ba a yi shi ne karya ƙafa ta uku ta fulogi. Gunjin zai iya tafiya, amma ka cire abin da ke tsare mai taɓa akwatin ranar da waya ta zube a ciki. Inbata mai araha ma tana sa wasu amfilifayoyi zuga, kuma in kana kan ƙaramin janareta ka tuna kaya ya ƙaru. Wufa ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa.

Karkarwa kuma ba laifin wufa ba ce. Sa sautin da ke hawa a hankali daga 20 zuwa 120 Hz ka bi kunnenka: gilashin kabet ɗin kwanuka, tagar alminiyam, agogon bango, fitilar da ke cikin silin. Ɗan yankin roba ko soso a inda abu biyu ke taɓa juna yakan kashe ta. A bene, sa tabarmar roba mai kauri ƙarƙashin kowace wufa don rage girgizar da ke bin daɓe, ko da yake wanda ke ratsa bango ta iska sai rage ƙara bayan isha'i.

A kwanakin farko za ka iya jin kamar bes ya ragu. Kumburin murya ɗaya da kunnenka ya saba da shi ne ya tafi. Ba shi mako guda kana kallo da saurare. In har yanzu kana son ƙari, ɗaga desibel 2 ko 3 daga cikin risiba, kada ka taɓa maɓallan bayan akwatunan, don kar ka ɓata daidaiton da ka auna. Ranar da aka sauya wa wufa ɗaya wuri, ko aka juya tsarin kujerun falo, sai a sake fito da makirufo a maimaita awon.